Kuɗin marayu: asusun haɗaka, hannun jari, ko a bar su a banki?

Abu Safwan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya yi magana, domin amana ce. Yayana ya rasu bara. Da aka raba gado, kason 'ya'yansa uku na tsabar kuɗi ya kama naira miliyan 6, dangi suka ce ni zan riƙe. Babbar shekararta 13, autan 6. Ci da sha da makaranta ni da ƙanena muke ɗauka, don haka ba za a taɓa kuɗin ba sai sun girma. Suna nan a banki, kaya na ta tashi, su kuwa ba sa motsi. Wata ma'aikaciyar banki ta ce in zuba su a asusun haɗaka, irin wanda kamfani ke juya wa mutane. Wani abokina ya ce a'a, in sayi hannun jari da kaina. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ne ba zai sa in ji kunyar yaran nan ba?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙansa, ya raya abin da ya bari. Kai kuma Allah ya ba ka ikon sauke nauyi.

Baba Mai Ritaya: Allah ya gafarta masa. Ɗana, ni ba zan ɓoye maka ba, ka nisanci hannun jari da kuɗin marayu. A 2007 ko'ina ka shiga a garin nan zancen ke nan, har masu shayi suna cike fom. Bankuna sun fito daga haɗewar da aka yi musu a zamanin Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, daga 89 suka koma 25, kowanne yana tallan hannun jari a rediyo. Na zuba rabin kuɗin sallamata a wani banki. Takardar shaidar tana nan a jakar da nake ajiye takardun gida, koriya mai hatimi, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Bankin kuwa babu shi. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ya kai wajen maki 66,000, kafin shekara ta zagayo ya sauko wajen 20,000. Ka san yaushe ya sake taka inda ya baro? Sai a watan Agustan 2023. Shekara 15. Da kuɗin marayu ne, da autan ya gama jami'a kasuwa ba ta farfaɗo ba.

Alhaji Na Dawanau: Gaskiyar Baba. Malam, ka sayi abin da idonka ke gani. Fili a bayan gari, ko hatsi da kaka ka fitar da bazara. Takarda takarda ce.

Maman Ilham: Allah ya ji ƙan mamaci. Baba, duk abin da ka faɗa haka ya faru, ba mai musu. Amma ka ba ni dama in raba abubuwa biyu da suka cakuɗe a tambayar Malam Abu Safwan.

Sayen hannun jari kai tsaye shi ne abin da Baba ya yi: ka je wurin dillali, a buɗe maka asusu a CSCS, wato ma'ajiyar da ke riƙe da bayanan hannun jarin mutane, ka zaɓi kamfani da kanka. In ya ci riba ka samu rabo, in ya durƙushe ka durƙushe tare da shi. Asusun haɗaka kuwa kamar watanda yake. Mutane da yawa su haɗa kuɗi a sayi abin da mutum ɗaya ba zai iya saye shi kaɗai ba, a kasa shi kashi-kashi, kowa da yawan kason da kuɗinsa ya saya. Kamfanin da ke juya kuɗin zai baza su a wurare da dama, kuma kullum ana fitar da farashin kaso ɗaya. In kana son fita, ka mayar musu da kasonka a farashin ranar, kuɗi su shigo maka cikin 'yan kwanaki.

A ƙa'idar hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar zuba jari, mai juya kuɗin ba shi ke riƙe da kadarorin ba. Akwai ma'aji daban, galibi banki, akwai kuma amintattu da ke sa ido a madadin masu kaso. Amma ka riƙe wannan da kyau, Malam: ba ajiyar banki ba ce. Inshorar NDIC da ke biyan mai ajiya har naira miliyan 5 in banki ya rushe ba ta shafe shi ba. Farashin kaso yana hawa, yana kuma sauka.

Abu Safwan: Na gode Hajiya. Ita wadda ta yi min magana cewa ta yi nasu ba ya sauka, uwar kuɗi tana nan, riba kawai ke hawa kullum.

Maman Ilham: To na gane wanda take nufi, asusun kasuwar kuɗi ne. Shi ba kamfanoni yake saye ba, bashi yake bayarwa na gajeren lokaci: takardun baitulmalin gwamnati, ajiyar wa'adi a bankuna, da takardun bashin manyan kamfanoni. Shi ya sa ba ya girgiza sosai. Abin da ke shigowa kuwa kuɗin ruwa ne tsantsa. Wannan na bar wa malamai.

Malam Na Zariya: Ai ba sai an kai ruwa rana ba. Bashi da ƙari riba ce, ko gwamnati aka ranta wa ko mutum. Ba a ciyar da maraya da ita. Sai dai kada a ɗauka barin kuɗin a kwance shi ne tsoron Allah. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ce a yi kasuwanci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Waliyyi aikinsa ya nema wa yaro abin da ya fi, ba ya binne ba.

Kan zakkar ma, Malam Abu Safwan, kason kowane yaro daban ake lissafawa, ba a haɗe ba. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinare. Ka duba nisabin da ake sanarwa a watan nan ka gwada da kason kowannensu, ina kyautata zaton babu wanda ya kai. Abin da ke cin kuɗin nan yanzu tsadar kaya ce, ba zakka ba.

Maman Ilham: Wannan ita ce maganar da nake so Baba ya duba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga. Ko masu asusun ruwan da ke murnar samun sama da kashi 20 a lokacin, baya suke ci ba su sani ba. Ina ga wanda ya bar kuɗi a asusun ajiya? Lambar tana nan miliyan 6, amma buhun da za ta saya ya ragu. Ba wanda zai zo ya ce ka yi asara, don ba a gani a takarda. Asara ce dai.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, na ji. Amma gara kuɗi su rame da su mutu.

Maman Ilham: Haka ne Baba, shi ya sa ban ce a kai su kamfani ɗaya ba. Kuma tsakanin ajiyar banki da hannun jari akwai tsaka-tsaki. Tun watan Satumbar 2017 gwamnatin tarayya ke fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci da ba ruwa a cikinsu. Na farko naira biliyan 100 ne na shekara 7, aka yi aikin hanyoyi 25 da shi, aka riƙa biyan masu shi kuɗin haya duk wata shida. Duk mai bin manyan titunan ƙasar nan ya ga allunan da aka rubuta sukuk a jiki. Akwai asusun haɗaka na halal da mafi yawan kuɗinsu a sukuk da cinikin murabaha (sayar da kaya da ribar da aka bayyana) da ijara (bayar da haya) suke. Akwai kuma na hannun jari da aka tace. Lotus Capital sun daɗe a wannan fanni, da su aka fito da ma'aunin kamfanonin halal na kasuwar Legas a 2012. Stanbic IBTC suna da asusun Imaan. Ba talla nake wa kowa ba, sunayen da za ka fara bincike da su ne.

Malam Na Zariya: Tacewar ma a san yadda take. Ana fitar da bankunan ruwa, kamfanonin giya, taba, caca da inshorar gargajiya. Sauran a duba bashinsu. A ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfani, kuɗin shigar da ba su da tsabta kada su wuce kashi 5, kuma wannan ɗan kason a cire shi daga riba a bayar sadaka. Akwai malaman da ba su gamsu da wannan sassauci ba, suna ganin kamfanin da ya taɓa ruwa ko kaɗan a bar shi. Saɓani ne na gaske. Kafin ka sa hannu ka tambaye su: su wane ne malaman da ke duba asusun, kuma wa ke fitar da kuɗin tsarkakewa, su ko kai?

Alhaji Na Dawanau: Duk wannan dogon lissafi, da ka ba ni miliyan 6 da kaka ai da ka ga aiki.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji, a yi gaskiya. Waɗanda suka tara masara da shinkafa a ƙarshen 2024 suna jiran bazara, ba ka ga yadda farashi ya karye musu a 2025 ba? Maƙwabcinmu sai da ya sayar da mota ya cike gibi. Ga ƙwari, ga kuɗin sito. Fili kuma na yarda yana tashi, amma mun sha ganin fili ɗaya da takarda uku. Kuma ranar da yarinyar nan za a yi mata kayan ɗaki, ba za ka yanki kusurwar fili ka kai kasuwa ba.

Alhaji Na Dawanau: Shekara ɗaya ce ta zo a haka, Hajiya. Kasuwa ai ta gaji haka.

Hajiya Mai Atamfa: To ai abin da Maman Ilham ke faɗa ke nan. Kowace kasuwa ta gaji haka, har taku.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum ƴan uwa, Allah shi jiƙan mamaci. Ina biye da ku tun ɗazu, kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo: ita nairar kanta. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta kai 1,500. Miliyan 6 ɗin nan a da dala 13,000 ce, ta koma 4,000. Kasuwarku ta Legas ta tashi daga wajen 51,000 a ƙarshen 2022 zuwa sama da 100,000 a ƙarshen 2024, wato ta ninka biyu, amma dala ta ninka uku. Mu nan da muke sayen kaya a Jibiya da Kano mun ga abin a hannunmu, jikkar sefa guda tana ɗauko abin da da sai biyu ko uku.

Mu muna da kasuwa guda ta ƙasashe takwas, BRVM, a Abijan: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Tun 1998 take aiki. Ana saye da sefa, sefa kuma a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro guda, ba ta motsi. Akwai Sonatel ta Senegal, akwai Orange ta Kodebuwa da ta shiga a ƙarshen 2022, akwai kamfanonin manja da na roba. Daga Nijar BOA Niger ce a ciki. Mutum na iya zama a Yamai ya buɗe asusu wurin dillalan da muke ce ma SGI ya sayi kamfanin Dakar. Asusun haɗaka ma akwai, FCP muke ce musu. Mi zai hana a raba ƙafa, wani abu a naira wani a sefa?

Abu Safwan: Wallahi ban taɓa sanin akwai wannan kasuwar ba. Ɗan Najeriya zai iya shiga?

Ɗan Maraɗi: Ba a hana baƙo ba. Amma sai ka buɗe asusu wurin SGI, ka canza kuɗinka zuwa sefa.

Maman Ilham: Malam na Maraɗi, lissafinka na dala daidai ne, ban da ta cewa. Amma ga inda na tsaya. Na ɗaya, wanda zai canza naira yau ya riga ya sha faɗuwar, a farashin yau zai saya ba na 2022 ba. Na biyu, yaran nan da naira za su biya makaranta, da naira za a yi musu aure. Canji biyu ke nan, shiga da fita, kowanne ɗan canji zai ci nasa. Na uku, kamfanonin BRVM ba su kai 50 ba, kuma kaso mai yawa bankuna ne, ga kamfanin giya da na taba. In ka tace, abin da zai rage kaɗan ne. Ciniki ma bai da yawa a wasunsu, kana iya sa kaya a kasuwa ka kwana biyu ba mai saye.

Kuma ɗaurin sefa ba alkawarin Allah ba ne. A Janairun 1994 dare ɗaya aka raba darajarta biyu.

Ɗan Maraɗi: Wannan gaskiya ne Hajiya, iyayenmu har yau suna zancen shekaran nan. Kuma ba ni ɓoye wani abu: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumi ya sa Nijar ta kasa biyan masu takardun bashinta a kasuwar yankin har sai da aka ɗage shi a Fabrairun 2024. Mun fita CEDEAO, wato ECOWAS, amma muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas ɗin nan, da sefa har yanzu, kuma kullum ana zancen sabon kuɗi. Wanda zai ajiye na shekara 10 dole ya sa wanga a lissafi. Duk da haka ina nan kan bakana, tara komai a kuɗin ƙasa guda shi ma haɗari ne.

Yaron Zango: Salam daga Kumasi. Ku bar ni in sa baki, don mu mun ga abin da ku ba ku gani ba tukuna. Ana ta cewa takardun gwamnati su ne marasa haɗari. Mu ma haka aka gaya mana. A Disambar 2022 gwamnatin Gana ta ce ba za ta iya biyan bashin cikin gida yadda aka yi alkawari ba, ta kawo shirin musayar takardu: a karɓi tsofaffi a ba ka sababbi masu ƙaramar riba da dogon wa'adi. A wancan watan hauhawar farashi ta haura kashi 54. Asusun haɗaka da yawa cike suke da waɗannan takardu. Hukuma ta ce su riƙa lissafi da farashin kasuwa na ranar, sai mutane suka buɗe waya suka ga kuɗinsu ya ragu. Na ga wata tsohuwa mai sayar da waake a unguwarmu ta je cire kuɗin da take tarawa na Makka, ta dawo da takarda a hannu tana nuna wa duk wanda ya iya karatu, ko za a ce mata kuskure aka yi. Kafin wannan ma, a 2019, an soke lasisin kamfanonin juya kuɗi 53 a rana ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Baba Mai Ritaya: Kun ji ko? Ga shi daga bakin wanda ya gani.

Maman Ilham: Na ji Baba, kuma sukuk ma gwamnati ce ke biya, ba zan ce ya fi ƙarfin irin wannan ba. Amma ka lura, a waccan shekarar wanda ya bar sidinsa, kuɗin Gana, a banki shi ma rabin ƙarfinsa ya tafi. Babu inda za a kai kuɗin nan a ce an tsira ɗari bisa ɗari. Abin da ke hannun Malam Abu Safwan shi ne kada abu ɗaya ya iya cinye su duka.

Da ni ce, kason babbar zan sa a asusun sukuk, don nan da shekara biyar ko shida za a buƙace shi, ba ta da lokacin jiran kasuwa ta farfaɗo. Na autan, mai shekara goma sha a gaba, shi ne zai iya ɗaukar wani kaso a asusun hannun jari na halal, shi ma ba duka ba, kuma a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ba rana ɗaya ba. Ko manyan kamfanoni suna tuntuɓe. MTN Nigeria da kowa ke gani kamar ba ta faɗuwa, asara ta bayyana a 2023 da 2024 saboda faɗuwar naira, a 2024 masu hannun jari ba su ga rabon riba ba.

Sabon Shiga: Ni akwai wani dandali da nake ciki, kashi 15 duk wata, kuma halal ne, kasuwancin zinare suke. In ana so in turo hanyar rajista.

Shugaban Zaure: Kada ka turo, in ka turo zan goge. Mun ga MMM a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, duk dandalin damfara ne da suka rufe da kuɗin jama'a, mutanen da muka sani sun yi kuka. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri har shekara 10 ga masu shirya irin wannan. Duk wanda ya yanke maka riba tabbatacciya duk wata kuma ya ce halal ce, maganarsa ta ci karo da kanta, don ciniki ba ya rabuwa da yiwuwar asara. Ka cire kuɗinka tun ana biya.

Abu Safwan: Allah ya saka wa kowa da alheri. Hankalina ya fi kwanciya da rabawar da Hajiya ta kawo. Maganar sefa zan ajiye ta tukuna, sai in da kuɗina ne. Me zan tambaye su in na je ofishinsu?

Maman Ilham: Kafin ka je, ka shiga shafin SEC ka tabbatar sunan kamfanin da sunan asusun kansa suna cikin masu rajista, don rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ita kaɗai ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. In ka je ka karɓi takardar bayanin asusun ta watan da ya wuce, za ka ga inda suka zuba kuɗi kashi-kashi. Ka tambayi ladan juyawa na shekara. In kashi 1.5 ne, a miliyan 6 naira 90,000 ke nan duk shekara, an ci riba ko ba a ci ba. Ka tambayi tarar fita da wuri, da kwana nawa kuɗi ke ɗauka kafin su shigo. Kada ka tsaya a ribar bara, ka ce su nuna maka shekarar da suka fi shan wuya. Kuma kuɗi asusun da aka buɗe da sunan shirin za ka tura, ba na wani ma'aikaci ba, komai kirkinsa.

Malam Na Zariya: Ƙari a kan haka, kowane yaro a buɗe masa nasa da sunansa, kai kana waliyyi. Kada ka haɗa da naka ko na kwana ɗaya. Ka zaunar da mahaifiyarsu da ƙanenka ka nuna musu takardun, a rubuta, mutum biyu su sa hannu. Rai ba a bakin komai yake ba, in ta Allah ta kasance kada a ce kuɗin cikin gadonka suke. Ranar miƙa musu ma Alƙur'ani ya ce a kafa shaidu, yana nan a farkon Suratun Nisa'i.

Baba Mai Ritaya: Wannan kam na sa hannu. Maman Ilham, tunda ana maganar takardu, ban da na bankin nan ina da wasu na kamfanin siminti da na fulawa tun na da. Rabona da ganin takardar riba a akwatin gidan waya an daɗe. Su ma sun tafi ke nan?

Maman Ilham: A'a Baba, in kamfanin yana raye haƙƙinka yana nan, an dai daina aiko da takarda ne, yanzu ta banki ake biya. Ka duba jikin takardar za ka ga sunan magatakardan kamfanin. Ka je bankinka da BVN da katin shaida ka ce za ka cike fom ɗin karɓar riba ta asusu, wanda aka tara ma za su biya. Abin da ke kawo cikas shi ne in sunan da ke takardar ya bambanta da na BVN, ko sa hannunka ya canza, to sai an haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Ka sa ɗaya daga cikin yara ya ɗauki hotonsu ya turo min ta gefe, in duba maka wane magatakarda ke riƙe da kowanne yanzu, don wasu sun canza suna.